Shaidar Oga Gord

Marnie Kowalchuk ta kakkaɓe ƙanƙarar takalminta a ƙofar gidan tsofaffi, ta rungume fayil ɗinta kamar wani zai ƙwace. Awa uku ta yi tana tuƙi daga garin Regina, ba abokin hira sai rediyo, duk saboda sa hannu guda ɗaya.

Shekara huɗu ta yi tana aikin gadoji da kwalbatocin ƙauye a ƙarƙashin Gord Halvorsen, su biyu rak a ofis, ta ukunsu tukunyar kofi. Hukumar injiniyoyi kuwa ba ta ba mutum hatimin ƙwarewa sai wanda ya duba aikinsa ya shaida da hannunsa. In babu hatimi, kujerar babbar injiniya da za a rufe nemanta ranar Juma'a ta wuce ta, kuma sai ta koma ƙirga shekaru a ƙarƙashin wani. A kamfanin da take yanzu, waɗanda ta koya wa karatun zane duk sun karɓi nasu, har da yanka kek. Ita kuwa kullum gobe za ta leƙa Gord, har goben ta cinye shekara biyu.

"Yau da dama-dama," in ji ma'aikaciyar da ta raka ta ɗakin Gord. "Amma kar ki sa rai. Jiya ɗauka ya yi ni ce matarsa."

Yana zaune bakin taga, ya rame sosai. Zoben ƙarfen nan da injiniyoyi ke sawa a ƙaramin yatsa ya yi masa yawa, har an naɗa masa zare don kar ya zame.

"Oga Gord, ni ce Marnie."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Daga ƙaramar hukuma aka turo ki? In maganar gadar nan ce, na gaya muku ku daina ɗora mata motocin alkama. Gada ce, ba jaki ba."

Ta yi dariya. Duk duniya babu wanda ya san irin aikin da ta yi sai wannan tsoho, ga shi kuma shi ma ya manta. Kaɗaici ya danne ta fiye da na cikin mota.

Ta shimfiɗa takardar shaidar aikinta a kan teburin abincinsa, ta miƙa biro. Hannun bai manta ba. Nan take ya karɓa, ya gyara zama, ya kai bakin biron daidai kan layi. Sai ya tsaya.

"Na duba wannan kuwa?"

Ma'aikaciyar ta riga ta fita. Eh kawai Marnie za ta ce, kuma ba ƙarya a takardar, kowane aiki a ciki ita ta yi shi. Amma wannan mutumin ne ya taɓa mai da ita kilomita tamanin cikin sanyi ta sake auna bakin kwalbati ɗaya, don kawai ta rubuta awon da ka. Abin da bai duba ba, bai taɓa sa masa hannu ba.

"Ba ka duba ba, Oga."

"To uban me biro yake yi a hannuna?" Ya ajiye shi yana harararta. "Yaran zamani, sai gaggawa. In aiki kike so ki koya, je ki nemi Marnie. Ita ta gano tsagar gadar Wolverine ana saura kwana biyu a buɗe ta. Ni na wuce ban gani ba. Shekara arba'in ina wannan aiki, ban horar da kamarta ba."

Maganar da ta zo nema ke nan, kuma ba ta da inda za ta rubuta ta. Ta ninke takardar a hankali, ta mai da ita cikin fayil.

"In kin gan ta," in ji shi, ya juya ga taga, "ki ce ta leƙo ni. Ta daɗe ba ta zo ba."

"Zan gaya mata," in ji Marnie.

Ta cire rigar sanyinta, ta jawo kujera kusa da shi.