Ƙafar Rab Nawaz

Shekara talatin da ɗaya Rab Nawaz ya yi yana raba wasiƙu a lungunan birnin Multan, ko ƙaya ba ta taɓa kwantar da shi ba. Sai da ya ajiye aiki ciwon suga ya lallaɓo ya kashe masa tafin ƙafa. Ko allura ka soka masa, sai dai ya tambaye ka me kake nema a ƙasa. Bara ma sai da aka yanke masa ƙaramin yatsan ƙafar hagu, saboda wata 'yar tsakuwa da ta yini cikin takalminsa bai sani ba.

Daga nan aka tura shi sashen gashin ƙashi, wajen likita Mahnur, yarinya sa'ar 'yarsa mai baki kamar reza. Ta ɗora masa tafiyar rabin awa kowace safiya, da ɗaga dunduniya sau ashirin yana dafe da kujera, da yamma kuma ya sa madubi ya duba tafinsa. Ta sa aka ɗinka masa wani baƙin takalmi mai faɗi, mai laushin ciki.

"Baba ji, buɗe kunnenka," in ji ta. "Ko banɗaki za ka, da takalmin nan za ka. Yatsa ɗaya gargaɗi ne. Ka sake jin rauni, ƙafar ce za ta tafi gaba ɗaya."

Ya bi maganarta sau da ƙafa, sugan ya fara sauka. Inda gizo ke saƙar shi ne lambun da yake zuwa tafiyar. Can manyan unguwa masu fansho suke haɗuwa bayan asuba, shugabansu Malik Riyasat, tsohon jami'in filaye, mai tumbi da gashin baki rinanne. Su kuwa ba sa taka ciyawa da takalmi. Kowa a garin ya san raɓar safiya tana sanyaya jini, tana kashe suga, tana ƙara hasken ido. Kakanni sun faɗa, an gama magana. Sai su jera takalma a ƙarƙashin benci, su yi zagaye uku, su dawo su sha shayi mai madara da jalebi, wani abin zaƙi mai kama da alkaki, wai ai raɓa ta riga ta yi aikinta.

Mutanen nan Rab Nawaz ya san ƙofar gidan kowannensu. Ya sha tsayawa a rana yana jiran a sa hannu a takarda, babu wanda ya taɓa ce masa shigo ka sha ruwa. Yanzu da suka bar shi yana ɗosana ɗuwawu a ƙarshen bencinsu, daɗi kamar ya kashe shi. Wallahi abin tausayi ne, dattijo mai jikoki yana yaƙe haƙora don kawai Malik ya tuna da shi.

"Masinja, yau ma da jiragen ruwan naka ka zo?" Haka Malik yake tarbarsa kullum, yana nuna takalmin.

"Umarnin likita ne, Malik sahib."

"Wace likita? 'Yar da aka haifa jiya? Kai dai faɗi gaskiya, matarka ce ta ɗaure maka su don kada ka gudu."

Sai a kwashe da dariya, har da Rab Nawaz ɗin.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar bazara ce, lokacin da mangwaro yake nuna a kan bishiya saboda zafi. Malik ya dafa kafaɗarsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce zagaye ɗaya tak, don zumunci. Rab Nawaz ya dubi ciyawar, lif-lif da ita, ko tsinke babu. Ya ce a ransa zagaye ɗaya dai ba ya kashe mutum. Ya cire takalmin da safa ya tura ƙarƙashin benci.

Da suka dawo, babu takalmi babu dalilinsa.

Ya duba bayan benci, ya duba cikin furanni, har kwata ya leƙa. Su kuwa suna ta ƙyafta wa juna ido. Wani ya ce kare ne, wani ya ce a'a, masunta ne suka zo suka ɗauki jirginsu. Alhali takalmin yana cikin motar Malik, direbansa ya kai shi. Suka riƙe shi da shayi da labari har hantsi ya dubi ludayi, kwalta ta fara sheƙi.

"Malik sahib, don girman Allah a ba ni. Gida da nisa."

"Kai, ji mutum! Kai da ka tattake Multan kaf da ƙafa, yau 'yar tafiyar nan ce ta gagare ka? Ashe dai labarin ƙarya ake ba mu. Ka isa gida a haka, ni da bakina zan faɗa wa duniya babu namiji irinka."

Da ya roƙi a rage masa hanya, da wataƙila an rage masa. Amma kalmar namijin nan ta shiga kansa. Ya gyara zaman rawaninsa ya hau titi.

Suka bi shi a mota sannu a hankali, gilashi a sauke. Ɗaya daga cikinsu ya sauko ya taɓa kwaltar da tafin hannu, ya janye da salati. Rab Nawaz kuwa tafiya yake ƙirji a buɗe, ba ya jin komai, ko ɗumi. Suna tafi suna kiran sunansa, sunansa na yanka, ba Masinja ba. Bai taɓa jin farin ciki irin na wannan tafiya ba. A bakin lungunsu suka wurgo masa takalmin ta taga, suka ja mota suna dariya.

Matarsa Sughran tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta dubi sawun da ya bari daga ƙofa, rariyar ta suɓuce mata.

"Uban Shaziya! Innalillahi! Me ka taka?"

Ya ɗaga ƙafar ya duba. Fatar tafin ta saluɓe, sauran tana can manne a titi.

Ta dama ta warke da ƙyar. Ta hagu ta ruɓe, bayan sati uku aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Babu wanda ya leƙo asibiti daga lambun, sai kwandon mangwaro da Malik ya aiko, a kai wa mai ciwon suga.

Likita Mahnur ce dai ta sake karɓarsa. Ta koya masa naɗe dungun da bandeji, da tashi daga gado, da tsayuwa tsakanin ƙarafa biyu yana gumi yana rawar jiki. Wata rana ta kasa haƙuri.

"Baba ji, wa ya raba ka da takalminka?"

"Ba kowa, 'yata. Ni na cire."

Sai ta ce ya ƙara taku biyar.

Wata biyar ya yi a gida yana kallon bango. Sanyi na shigowa ya ɗauki sandunansa ya nufi lambun, Sughran tana kuka tana cewa in yana da zuciya ba zai sake kallon mutanen nan ba. Bai ko waiwayo ba.

Ai kuwa suka yi masa tarba ta ban mamaki. Aka matsa aka ba shi tsakiyar benci, dab da Malik, aka zuba masa shayi a kofi mai hannu. A can ƙarshen bencin ga wani baƙo a takure, siriri mai tabarau, wai shi Ilyas, tsohon malamin firamare. Ƙafarsa sanye da baƙin takalmi mai faɗi.

"Yawwa, ga wanda ya san abin," in ji Malik. "Malam Ilyas ya ce likita ta hana shi taka raɓa. Rab Nawaz, kai ne ka ga jiya ka ga yau. Faɗa masa gaskiya, me ya ci ƙafarka?"

Malamin ya juyo yana dubansa da ladabi, yana jiran maganar dattijo. Rab Nawaz ya ji nauyin hannun Malik a kafaɗarsa, ya ji ɗumin kofin a tafin hannunsa. Ya san sarai abin da yake shirin yi, ya kuma tsani kansa.

"Takalmin nan ne," ya ce. "Shi ya dafa mini ƙafa. Cire shi, Malam, raɓa magani ce."

Malam Ilyas ya yi masa godiya, ya sunkuya ya fara kwance igiya.