Ƙirga Ashirin a Faifan Injiniya

'Yata Auta ta shigo da kwali a hannu, hanci duk majina, ginin da ta yi kwana uku tana haɗawa ya koma tarin tsinke. Karo na shida ke nan. Na leƙa bayan ƙofa, tsintsiyata ta rame kamar mai jinya, don daga jikinta ake zare ginshiƙai.

Duk aikin Injiniya ne, tsohon da ƙofarsa ke kallon tamu. Tun da ya yi ritaya ya rasa abin yi, sai ya ɗora faifan katako a kan ƙwallaye huɗu, ya ɗaure da roba, ya tara yaran benen da muke zaune. Su yi gini da tsinke da laka, shi kuma ya girgiza faifan yana ƙirgawa. Ginin da ya kai ashirin a tsaye ya ci. Wai yana saurayi ya yi aiki a garin da ƙasa ta girgiza, ya ga makaranta ta durƙushe kafin a ƙirga ashirin. To mun ji, Allah ya kiyaye. Amma yarinya 'yar shekara bakwai fa, me ta sani?

Na same shi na ce ya riƙa sassauta hannu, ko sau ɗaya ya bari ta ci, tunda sauran yaran duk sun gaji sun watse, ita kaɗai ta nace. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce girgizar ƙasa ba ta tambayar shekarun mutum. Haushi ya hana ni gaishe shi har kwana biyu.

Ana cikin haka ciwo ya kwantar da shi. Asibiti suka riƙe shi mako guda, suka sallamo shi da buhun magani, 'yarsa ta tattaro ta zo jinya. Duk wanda ya ga fuskarta ya san abin da likita ya faɗa. Auta kuwa ba ruwanta, ta ɗauki gini na bakwai ta ƙwanƙwasa musu ƙofa, ni kuma na bi ta da niyyar janyo ta.

Ya sa aka ajiye faifan a kan kujera kusa da gado. Ya kama gefen, ya motsa, ya ƙirga har ashirin. Ginin ko gezau. Na fara tafi, 'yarsa ma ta taya ni. Auta ta haɗe rai.

"Kaka, ba ka girgiza ba."

Na ji kamar in nutse. Shi kuwa dariya ya yi har ta zame masa tari, ya ce gaskiyarta, hannun ne ya ƙi. Sai ya nuna ni, wai in zo in karɓa. Ni da nake neman a ƙona faifan nan! Na durƙusa na fara jijjiga shi a hankali, ina addu'a a zuci.

"Maman Auta," in ji shi, "jariri kike lallashi?"

Raina ya ɓaci, na ba faifan nan ƙarfina duka. A sha bakwai ginin ya karkace ya zube. Na so in yi kuka don takaici, yarinyar kuwa ko ƙwalla. Ya miƙa yatsa, ya nuna mata kusurwar da ba ta gicciya tsinke ba, ya ce ta gyara ta dawo ranar Asabar.

Ranar Alhamis da hantsi ya rasu, ina cikin shanya na ji kukan 'yarsa. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai taurin kai, kuma na yi kewarsa fiye da yadda na zata.

Asabar da safe 'yarsa ta miƙo mana faifan, ta ce shi ya ce a ba mu. Auta ta ɗora gininta a tsakar ɗaki, kowace kusurwa da tsinke a gicciye. Ta gargaɗe ni kada in yi mata na tausayi. Na yi alkawari, na kama gefen da hannu biyu, ita tana ƙirgawa. Sha bakwai ya wuce. Ashirin.

Ginin yana tsaye. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofarsa da ke rufe, ta dawo da ido kan faifan, ta ce ashirin da ɗaya. Kafaɗata tana zafi, na ci gaba da girgizawa.