Fentin Iya Wilma

Curtis Pavlik maci amana ne, kuma da rana tsaka ya ci ta. Da hantsin Asabar ɗin nan yana tsaye a dajin Wilma Shaffer, gatari a hannu, yana koya wa mutum tara da ya kwaso daga birnin Pittsburgh yadda ake rayuwa a dawa, shi da bai taɓa kwana uku a jere nesa da firji ba.

Hayar daji tsada gare ta, na gwamnati kuma akwai masu tsaro. Sai Curtis ya bi hanyar da marar hali ke bi a nan wajenmu tun kaka da kakanni: ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya cire hula, ya roƙa. Wilma, tsohuwar da mijinta Harlan ya rasu ya bar wa eka sittin, ta ce ya kafa tantinsa kyauta, ya riƙa kama mata 'yan ayyuka. Sharaɗi biyu ta gindaya: shi kaɗai zai shiga, kuma kada ya taɓa ɗanyen itace. Kafin wata ya zagayo ya tara gemu, ya ɗora hotonsa a intanet, ya buɗe makarantar zaman dawa ta kuɗi a dajin da ba nasa ba.

"Daji uwa ce," in ji shi ga ɗalibansa. "Abin da ba ta miƙo maka ba, kada ka ɗauka."

Yana rufe baki ya kai wa wata 'yar bishiyar maple sara. Ita ce ta sha ɗaya da ya kayar don yin bukkoki. Harlan ne ya kewaye 'yan bishiyoyin da waya saboda barewa, shekara biyu kafin ya rasu, don jikokinsa su tatsi ruwan zaƙi wata rana.

Ana cikin haka Merle, ƙanin marigayin, ya ɓullo yana taunar tsinke. Ya dubi kututturan, ya dubi bukkokin.

"Sannu da aiki, sarkin dawa. Tsohuwa na kira."

Curtis ya tarar da ita a baranda. Bai san cewa da sassafe wata ɗalibarsa ta zo roƙon banɗaki ba, har ta nuna wa tsohuwar tallan makarantar a wayarta.

"Iya, 'yan abokai ne suka biyo ni, sun ƙi jin magana."

"Ai mai abokai bai yi asara ba. Zauna ka sha kofi, ɗan nan, duk ka faɗa." Ta turo masa gwangwanin fenti shunayya da buroshi. "Ga ɗan aikin da ka yi mini alkawari. Ka bi iyakar dajin nan kaf. Kowane taku talatin ka ja layi a jikin bishiya, daga sama zuwa ƙasa, tsawon taƙi guda, daidai cibiyarka. Ta gefen da ke kallon waje. Gwiwoyina sun ƙi."

"Shi ke nan? Iya, kafin yamma an gama!"

Ya koma yana fito, ganinsa ya tsallake rijiya da baya. Da yake ba ya son wahala, sai ya mayar da aikin darasi.

"Wannan tsohuwar dabara ce ta mutanen dawa," ya ce musu, "don kada mutum ya ɓata. Ba kowa nake koya wa ba."

Wani likitan haƙori a cikinsu ya rubuta a ɗan littafinsa. Suka bi iyaka cikin ƙaya da taɓo, suna riƙe masa gwangwani, suna ɗaukar hoto. Awa biyar suka yi. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa: layukan sun miƙe sarai. A duk zamansa a dajin nan, shi ne aikin kirki guda da ya yi.

Bishiyar ƙarshe a bakin ƙyauren shiga take. Nan suka iske Wilma a tsaye ta ciki, da sandarta. A gefen titi kuwa, Merle yana sauke tantunansu daga bayan a-kori-kura.

"Kai, baba! Wa ya ce ka taɓa mana kaya?" in ji Curtis.

"Ja layinka tukuna, gwani, kada fenti ya bushe," in ji Merle.

Curtis ya ja. Merle ya matso ya duba, ya gyaɗa kai.

"Ku 'yan birni ba ku san shi ba. A nan, shunayya a jikin itace daidai take da allon 'ba shiga'. Doka ce. Wanda ya wuce ta ba da izinin mai wuri ba, da ɗan sanda zai yi magana."

Likitan haƙori ya rufe littafinsa a hankali.

"Amma ai ni ina da izini," in ji Curtis. "Iya, faɗa musu."

"Kana da shi da safe," ta ce. "Na ƙirga kututturan Harlan, sha ɗaya. Allon hana shiga ban taɓa kafawa ba tun da nake, kunyar maƙwabta nake ji. Kai ka cire mini kunyar, har ka yi mini aikin. Wanke buroshin ka ajiye a kan shinge."

Ta ja ƙyauren ta saƙala sarƙa. Ɗalibai suka tsaya a titi suna kallon malaminsu, fenti har a gemu.

Washegari Lahadi, kafin a tashi daga coci, duk mai daji a gundumar ya ji labari. Curtis ya ƙwanƙwasa ƙofa bakwai a wannan bazarar, ya cire hula sau bakwai, ba wanda ya ce masa ko zauna. Makaranta ta rushe. Yanzu a filin tanti na haya yake sauka, bakin babbar hanya, a gurbi mai lamba sha huɗu, jikin banɗaki, inda ake sayar masa da itacen wuta a ƙulle cikin leda.