Tsatsar Layin Dogo

Sabon layin dogo ne fil, ɗan siriri kamar tsinken tsire, yana ƙyalli. Gamaliel ya tsoma burushi cikin fenti mai ruwan ƙasa ya shiga ɓata shi. Matarsa Celestina tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta riƙe ƙugu.

"Baban Chloe, injiniya guda, da furfurarka! Mutane na goge tsatsa, kai kana zana ta."

Bai ɗago ba. Shekara biyu ke nan tun da ya yi ritaya yake gina ɗan ƙaramin samfurin tashar jirgin ƙasa ta garinsu a kan faifan katako, a gidansu na unguwar Levenshulme, can ƙasar Turawa. Ya bi gefen kowane ƙarfe da launin tsatsa, ya ɗiga baƙin fenti inda mai ke zuba, ya barbaɗa jar hoda tsakanin tsakuwa. Ita kuwa ko a coci aka tambayi mijinta, sai ta taɓe baki ta ce yana gida yana wasan yara.

Ran Asabar ita ta tuƙa shi Birmingham, wurin baje koli da gasar masu irin wannan sha'awa, domin idonsa ba ya ɗaukar doguwar hanya yanzu. Ta sami kujera nesa da teburinsa ta zauna, kada a ce tare suke.

Can sai ga alƙalin gasar, wani dogon Bature da gilashi a kan hanci. Ya sunkuya, ya dangwali jar hodar da yatsa, ya goge a hankici.

"Ja ya yi yawa," ya ce da Turanci, yana murmushin gefen baki. "Babu layin dogo mai wannan launi. Ka riƙa duba hotuna kafin ka ɗauki burushi."

Gamaliel ya sunkuyar da kai, har yana cewa ya gode. Godiyar nan ce ta tayar da Celestina.

"Babu a ina?" ta tambayi alƙalin. "Ka taɓa taka jar ƙasa bayan ruwan sama? A bakin wannan layin aka haife ni. Launin da ka goge ɗin nan, shi uwata ta yi shekaru tana wankewa daga ƙafafuna."

Baturen ya gyara gilashi, ya rubuta wani abu, ya wuce tebur na gaba. Gamaliel bai ci kyautar komai ba.

A hanyar komawa sun wuce rabin tafiya. Sai Gamaliel ya dube ta.

"Maman Chloe, na gode."

"Kada ka gode mini. Wancan bai san komai ba, amma kai ma ka yi ƙarya. Me ya sa saman ƙarfen ke walƙiya?"

"Ta nan lantarki ke bi. In na shafa masa tsatsa, jirgin ba zai motsa ba."

Ta yi tsaki, ta sauya giyar mota.

"Bara da na je gida, awaki na gani kwance a kan layin. Yaushe rabon ka ji kukan jirgi a garin?"

Gamaliel ya juya ya dubi faifan da ke kwance a kujerar baya, lulluɓe da tsohon bargo. Yana ta kallonsa har suka shiga Stockport Road, titin unguwarsu.