Maigadin Firij

Ƙofar firij ɗinmu ta daina rufuwa a watan da Baba ya dawo gidanmu da zama, kuma har yau ina zargin haɗa baki suka yi. Robar da ke zagaye da ƙofar ce ta tsufa, ta bushe, ta yi baƙi. Kana rufewa kana juya baya, sai ta buɗe a hankali kamar mai son jin gulma.

Baba mahaifina ne. Gadin ƙofar wata masaƙa ya yi har ya tsufa. Da Inna ta rasu, da ƙyar muka ɗauko shi, yana faɗa yana cewa shi ba kaya ba ne da za a ajiye a ɗaki. A ɗakin kuwa muka ajiye shi. Ya yi ta kwanciya yana kallon silin, abinci sai ya tsakura, magana sai an tatso.

Wata safiya na shiga kicin na tarar da shi a kujerar roba, ya tokare ƙofar firij da bayanta, rediyo a cinyarsa.

"Baba, lafiya?"

"Ƙofa ce a buɗe, Auta, kuma ba kowa a bakinta."

Daga ranar, shan ruwan sanyi a gidanmu ya zama sai da izini. Sai ka gaishe shi, ka faɗi abin da ke tafe da kai, sannan ya miƙe a tsanake, ya ja kujera, ya riƙe ƙofar yana kallon hannunka. Maigidana, wanda a makarantarsu malamai ke miƙewa idan ya shigo, sai ga shi tsaye yana bayanin dalilin da ya sa yake son lemo na biyu. Baba ya san mai kafa baki a gora, ya san mai lasar madara da yatsa, kuma ba ya rufa wa kowa asiri. Yara suka koma yi masa hirar makaranta don ya yi saurin tashi. Ya yi ƙiba, muryarsa ta dawo.

Ni kuwa na gaji. Kicin ɗin kamar akwati yake, ga tukunya, ga ni, ga uba yana gyara mini yawan gishiri. Da ya tashi wanka ƙofar za ta wangale, ruwa ya taru a ƙasa, madara ta yi tsami. Lokacin barci kuma da tsohon ɗankwalina muke ɗaure firij ɗin kamar mai ciwon kai.

Na auna ƙofar, na je wurin mai sayar da kayan gyara, na sayo sabuwar roba. Ranar da Baba ya tafi aski na jiƙa ta a bahon ruwan zafi har ta yi laushi ta miƙe. Na fizge tsohuwar, na wanke tsagar da take shiga da tsohon burushin haƙori. Abin da ya fito daga tsagar nan ba zan faɗa ba, don muna da surukai. Na fara cusa sabuwar daga kusurwoyi, ina bin ta da babban yatsa har ya yi ja. Na maƙala takarda na rufe, na ja, ta ƙi fitowa. Na yi ta buɗewa ina rufewa don jin daɗin yadda take tsotsewa.

Baba ya dawo kansa yana ƙyalli. Ya buɗe ƙofar, ya sake ta, ta koma ta manne da kanta. Ya ƙara gwadawa.

"Ta kama," ya ce. "Kin iya aiki."

Ya ɗauki kujerarsa ya shige ɗaki.

Na samu kicin ɗina, madara ta daina tsami. Yara suka koma shigowa da gudu, su ɗauki ruwa su fice, ba wanda ke leƙa ɗakin tsoho. Ba mugunta ba ce, hanyar firij ce ba ta bi ta ƙofarsa ba. Kwano ya fara dawowa kamar yadda na kai shi, rediyo ya yi shiru.

Wata rana da na shiga ɗakinsa yin shara, sai na ga jakarsa a ɗaure a bakin gado.

"Gida zan koma, Auta. Can ma ba kowa a bakin ƙofa."

Na san gidan nan. Ba kowa a cikinsa ma, sai gadon Inna da ƙura. Na ji tsoro ƙwarai, don na san idan ya tafi, kwanciya zai yi ba zai ƙara tashi ba.

Na koma kicin, na ɗauki cokali, na zura mariƙinsa a kusurwar sama, na ɓalle robar da na sha wahalar sawa. Ƙofar ta yi jim, sannan ta buɗe kamar da.

"Baba, zo ka ga abin da mutumin nan ya sayar mini."

Ya fito yana jan takalmi. Ya duba kusurwar, ya duba cokalin da na manta a hannuna, ya daɗe yana kallona. Sai ya shiga zagin mai sayar da kayan gyara, mutumin da bai taɓa gani ba, har ya taɓo kakanninsa. Yana gamawa ya je ya ɗauko kujera da rediyo.

Da yamma maigidana ya dawo, ya gan shi a bakin aiki, ya ce gobe zai duba robar da kansa.

"Ka sha ruwanka ka wuce," in ji Baba.

Da ya fita, Baba ya rage muryar rediyo, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ki mayar da kusurwar sama, ki ɓalle ta ƙasa. Mijinki ba ya sunkuyawa."