Farfesun Talibambam

A shekarar 1983 aka aiko wa Malama Lami wani littafin girke-girken ƙasar Yauri, kwafi biyu, aka nemi ta duba ko ya dace da ajin matan aure da take koyarwa a Yelwa. Wata ma'aikaciya ce daga Sakkwato ta rubuta shi, bayan ta yi wata biyu tana zaga gidajen masunta tana tambaya. Bugu ya yi kyau, awo kuma dalla-dalla. Kwafi ɗaya ɗalibarta Balaraba ta ara, matar Yakubu malamin gona, waɗanda aka yi wa canjin aiki daga Gusau.

Malama ba ta yanke wa littafin abinci hukunci sai ta karanta shi a gaban wadda ta tsufa a bakin murhu. Don haka ranar Laraba da hantsi ta sauka kwata, bakin ruwa inda masunta ke sauke kifi, wurin Inna Tabawa, tsohuwa mai bandar kifi.

Suka bi shi shafi-shafi. Miyar tarwaɗa ta yi daidai. A kan giwan ruwa Tabawa ta yi dariya.

"Cokali ukku na daddawa? Wagga ɗiya gidan marowata ta sauka."

Malama ta yi alama da fensir, ta juya shafi. "Farfesun talibambam. A wanke kifin, a yanka gida huɗu, a zuba a tukunya da albasa."

Tabawa ta aje itacen da take juya wuta da shi.

"Sake karantawa."

Ta sake.

"Ina fatar? Ina hanta da ƙwan?"

"Ba ta ambata ba, Inna."

"Duba baya."

Malama ta duba. Bayan shafin girkin karfasa ne.

"Wanga kihi, mai kumbura ciki, guba gare shi," in ji Tabawa a hankali. "Sai an feɗe fata, a cire hanta da ƙwai a binne, ko kaza ba a bari ta tona. Waɗanda suka gaya mata girkin ba mugunta suka yi ba. Wa zai ce wa mutum ya cire? Ɗiyar shekara bakwai ta sani. Ba su zaci akwai wanda bai sani ba."

Ta juya ta ƙwala wa masuncin da ke gyaran koma kira. "Cindo! Talibambam biyun da na gani wurinka da safe hwa?"

"Na sayar, Inna. Wata 'yar gari ta ɗauka, har da littahi a hannu tana gwada hoton. Na ce yau malamai sun gano daɗi."

"Ka feɗe mata?"

"Ba ta ce ba."

Malama ta miƙe, fensirin ya faɗi cikin toka, ba ta ɗauka ba. Tabawa ta yafa gyale ta bar kifinta a kan wuta, abin da ba a taɓa ganin ta yi ba. Suka nufi gidan Balaraba.

Ƙamshi ya tare su tun daga zaure. Balaraba na tsugune tana wanke tukunya, littafin a buɗe kan turmi.

"Malama! Lale. Da kun yi sauri kaɗan da kun same shi da zafi. Na bi shi layi-layi, ban tsallake komai ba."

"Wa ya ci, Balaraba?" Malama ta tambaya, muryarta a kwance.

"Maigida. Kwano biyu, har da hantar. Ni ɗanɗana gishiri kawai na yi, sauran na aje sai anjima."

"Yana ina?"

"Ya shiga jirgin ruwa zuwa Wara, aiki gare shi can. Sun kai rabin awa da tashi." Ta shafa leɓenta da bayan hannu. "Barkonon nan naku da ƙarfi yake. Tun ɗazu bakina kamar ba nawa ba."

Tabawa ta kama hannunta ta zaunar da ita. "Malama, kai ta asibiti yanzu, ki tahi da littahin su gani. Ni zan sa Cindo ya tada injin jirginsa a bi mijin."

"Lafiya, Inna?" in ji Balaraba, tana duban su ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwar ta riga ta fita. Da ta isa kwata ta kare ido da tafin hannu ta duba kudu, wajen Wara. Ruwa shimfiɗe har iyakar gani, babu ko ɗigon jirgi. Cindo ya ja igiyar injin sau ɗaya, sau biyu, sannan injin ya kama.