Kwantiragin Mai Ruwa

Saje Aaron ya dawo Zuru daga Laberiya a 2007 da ciwon gwiwa, da sallama daga aikin soja, da wata tsohuwar kwamfuta da ya saya a hannun abokin aikinsa. Ya daɗe yana zaman baranda, ƙafa a miƙe, kafin ya gano akwai wasa a cikinta. Na tseren keke ne, amma ba kai ke tuƙi ba. Kai ne manajan ƙungiya, ka ɗauki 'yan tsere, ka biya su albashi daga kasafin da wani kamfani ya ware muku, ka zaɓi masu shiga kowace gasa.

Maƙwabcinsa Talle, mai gyaran keke da babur a bakin kasuwa, shi ya zama abokin shawararsa. Duk la'asar ɗin da aka kawo wuta, sai ya wanke hannu ya taho. Sunayen 'yan tseren na Turawa ne masu wuyar faɗa, don haka suka raɗa musu nasu. Gwaninsu shi ne Dogo, wanda ba a kama shi a hawan dutse. Akwai kuma wani mai ɗan shekaru da suke kira Mai Ruwa, don aikinsa ke nan: ya koma baya wajen mota ya ɗebo wa 'yan uwansa ruwa, ya shiga gaban Dogo ya tare masa iska, in ƙarfinsa ya ƙare ya iso cikin na ƙarshe.

Da shekarar wasan ta zo ƙarshe, kwantiragin su biyun ya ƙare. Dogo ya nemi a kusan ninka masa albashi, kamfani kuwa bai ƙara ko sisi ba. In aka biya Dogo, dole a sallami Mai Ruwa.

"Saje, wanga ba abin tunani ba na," in ji Talle. "Da Dogo munka ci duk abin da munka ci. Ruwa kowa ya iya ɗebowa."

A wasan nan kwana ba ya wucewa sai ka danna, Aaron kuwa ya ƙi dannawa. Matarsa Margaret ta lura yakan buɗe kwamfutar, ya tsura wa hoton Mai Ruwa ido, ya rufe.

"Baban Joyce, mutumin nan yana da iyali ne a ciki?"

Ya yi dariya ya ce ba shi da kowa, zane ne kawai. Ta ce to ya miƙa wa Dogo iya abin da ke akwai, in ya ƙi ai ba shi ya kore shi ba.

Haka ya yi. Dogo ya ƙi, wata ƙungiya ta ɗauke shi. Aaron ya sabunta wa Mai Ruwa shekara guda, da sauran kuɗin ya ɗauki sababbin 'yan tsere biyu da ba wanda ya san su.

Talle ya ji haushi ya daina zuwa. Ran nan Aaron ya ɗauki sandarsa ya dogara har bakin kasuwa, fitarsa ta farko mai nisa tun dawowarsa. Ya zauna a benci, suka yi hirar tsadar taya da ruwan bana, ba wanda ya ambaci wasa. Sai da ya miƙe zai tafi Talle ya tambaye shi, ba tare da ya ɗago kai ba, ko cikin sababbin akwai mai hawan dutse. Washegari ya zo.

Shekarar ba ta yi musu kyau ba. Suna kallo Dogo ya riƙa wuce su cikin koriyar rigar sabuwar ƙungiyarsa, kamfani kuma ya yi ta ƙorafi. Sai a wata ƙaramar gasa da aka yi cikin ruwan sama ɗaya daga sababbin ya zo na uku, har Talle ya tashi tsaye ya zubar da shayinsa.

A ƙarshen shekarar Mai Ruwa ya yi ritaya don kansa. Aaron ya karanta sanarwar, ya fassara wa Talle. Daga nan Talle ya jawo kujerarsa kusa, ya ce bana shi zai zaɓi wanda za a ɗauka, Aaron kuwa ya tura masa kwamfutar.